Yadda Ake Tantance Lafiyar Ruwan Kogi da Enzayim na Ƙananan Halittun Cikinsa

Mai lambu a gaɓar Kogin Kaduna zai yi wa tumatirinsa feshi da safe, ya ɗauraye tankin a bakin ruwa, ya kama gabansa. Bayan kwana uku kai kuma ka zo da kwalba ka ɗebi ruwa, ka kai ɗakin gwaji, ka biya kuɗi masu tsoka, a ce maka ba a ga komai ba. Ba ƙarya aka yi maka ba: ruwan da ya ɗauki maganin tuni ya wuce Kudenda ya yi gaba. Amma jar tsutsar da ke cikin lakar wurin ba ta je ko'ina ba. Abin da ya wuce ya shiga jikinta, kuma alamarsa kan daɗe kwanaki, wani lokaci har makonni. Ita ce zakaran gwajin dafinmu, abin da za mu auna a jikinta kuwa shi ne ƙarfin aikin enzayim.

Enzayim furotin ne da jiki ke yi don ya gudanar da wani aiki guda cikin hanzari. Wanda ya fi yi mana amfani a nan shi ne asetilkolinestires, ana taƙaita shi da AChE. Duk sa'ad da jijiya ta aika saƙo, tana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuma AChE ya farfasa shi nan take don saƙon ya tsaya. Magungunan ƙwari na dangin oganofosfet da kabamet suna maƙale wa wannan enzayim su hana shi aiki, shi ya sa ƙwaron da aka fesa wa yake ta karkarwa har ya mutu. Fiya-fiyar da ake sawa a ɗaki akasari DDVP ne, kuma ɗan wannan dangi ne. Haka kulorfirifos da masu lambu ke amfani da shi. Maganin da bai kai ya kashe tsutsa ba yana iya rage ƙarfin enzayim ɗinta, wannan ragin shi muke nema.

Abu biyu ka riƙe tun yanzu. Wannan gwajin share fage ne: yana nuna maka inda ya kamata ka kashe kuɗin gwajin sinadarai mai tsada, ba ya faɗa maka sunan gubar. Sannan ba ruwansa da ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot, don haka kada wani ya sha ruwa saboda enzayim ya fito lafiya.

Mataki na 1: Zaɓi wurare, ka fi ɓata lokaci a kan wurin kwatance

Lambar da na'ura za ta ba ka ba ta da wata ma'ana ita kaɗai. Babu wani jadawali da za ka buɗe ya ce maka tsutsar Kaduna mai lafiya ƙarfin AChE ɗinta kaza ne. Sai ka gwada ta da 'yar'uwarta daga wuri mai tsabta, iri ɗaya, girma ɗaya, a rana ɗaya. Idan wurin kwatancen nan ya gurɓata ba ka sani ba, duk aikin ya tashi a banza.

A cikin gari kogin yana shigowa ne ta ɓangaren Rafin Guza da Malali, ya bi ta Ƙofar Gamji da Kabala, ya wuce Barnawa, ya gangara Nasarawa da Kudenda. Magudanan ruwan Kakuri da Makera, inda masana'antu suka taru tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957, suna zuba a cikinsa ta ɓangaren kudu, Rafin Romi kuma da ke bi ta kusa da matatar mai yana haɗuwa da shi can ƙasa. Da wannan tsari ɗalibi kan yi saurin cewa to, sama ke nan wurin kwatance. A ganina wannan gaggawa ce. Idan masana'antu kake bincike, sama na iya yi. Idan maganin feshi ne, a lokacin noman rani lambuna sun cika gaɓar sama ma. Taka da ƙafarka ka duba. Sau da yawa ƙaramin rafi a bayan gari, wanda babu lambu ko wurin wankin mota a samansa, ya fi dacewa, in kuma ka samu biyu irinsa ya fi ɗaya.

Ga kowane magudani da kake zargi, ɗauki wuri ɗaya sama da inda yake zuba, ɗaya dab da bakinsa ta ƙasa, ɗaya kuma da ɗan nisa. Ka tabbata wuraren sun yi kama da juna: laka da laka, ruwa mai gudu da mai gudu.

Kafin ka shiga ruwa ka gaida mai unguwa, ka gaida masu lambu. Ba ladabi kawai ba ne, bayani ne na kyauta. Ka ce, "Baba, sannu da aiki. Yaushe kuka yi feshi na ƙarshe, wane magani kuka sa?" Sau tari zai miƙa hannu ƙarƙashin bishiya ya ɗauko maka kwalbar da ta ƙare. Karanta sunan sinadarin da ke jikinta, ba sunan kamfani ba, ka rubuta.

Mataki na 2: Zaɓi halitta ɗaya ka tsaya a kanta

Jar tsutsar laka, wadda masana ke kira Chironomus, ita na fi so ga mai farawa. 'Ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsawonta kan kai santimita 1 zuwa 2, ja ce wur saboda himogulobin da ke jikinta, wanda ke ba ta damar rayuwa a ruwa mai ƙarancin iskar oksijin. Shi ya sa za ka same ta har a wuraren da sauran halittu suka gudu. Kada ka haɗa ta da siririyar jar tsutsar nan marar kai da ke dunƙulewa a kwata. Taka tana da ɗan kai mai tauri mai duhu da 'yan guntayen ƙafafu gaba da baya, in ka sa ta a ruwa kuma tana mutsu-mutsu tana lanƙwashewa hagu da dama.

Jatan lande na ruwan daɗi da ƙaguwa su ma suna da kyau ga AChE. Dodon koɗi ya fi sauƙin tsinta, amma enzayim ɗinsa bai cika jin oganofosfet da wuri kamar na ƙwari da jatan lande ba, don haka yana iya nuna maka lafiya alhali ba lafiya. Ajiye shi don sauran enzayim da za mu zo kansu. In za ka taɓa shi kuma ka tuna wasu ƙananan irinsa, Bulinus da Biomphalaria, su ne ke ɗaukar tsutsar ciwon tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Safar hannu da dogon takalmin roba dole ne.

Mataki na 3: Ranar fita

Kayan fita ba su da yawa: rariya mai ƙananan ƙofofi kamar rabin milimita, farin tire, hantsaki, ƙananan kwalaben roba masu murfi, kula cike da ƙanƙara, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, da na'urorin auna zafin ruwa, pH da iskar oksijin. Ka zaga duk wuraren a safiya ɗaya in zai yiwu.

Kwashi laka ta sama, kamar zurfin ɗan yatsa, ka zuba a rariya ka girgiza a cikin ruwan wurin har taɓon ya fita. Juye abin da ya rage a farin tire da ɗan ruwa, ka ɗan jira. Cikin ganye da tsakuwa za ka ga jajayen zare sun fara motsi. Tsince manyan kawai, masu girma ɗaya, saboda ƙarfin enzayim yana canzawa da girman tsutsa. Tsutsa 10 zuwa 15 a kwalba ɗaya su ne samfuri ɗaya, kuma kana bukatar aƙalla samfuri 5 a kowane wuri. Ɗauraye su, tsane ruwan da takarda, rufe, rubuta wuri da kwanan wata, cusa cikin ƙanƙara.

Kada ka kai su gida ka ajiye a ruwa mai tsabta har kwana biyu don su huta. Suna hutawa enzayim na farfaɗowa, shaidarka na gogewa. Mafi kyau ka yi gwajin a ranar. In ba hali, firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri za ta riƙe na ɗan lokaci, mai 80 ƙasa da sifiri ta fi. Sai dai firizar da ake ɗauke wa wuta samfuri ya narke ya sake daskarewa ta fi rashinta illa. Nemi wadda ke kan janareta ko sola kafin ka fita, ba bayan ka dawo ba.

Watan Agusta da Satumba kogin kan cika ya yi ƙarfi. Kada ka shiga.

Mataki na 4: Niƙa da tacewa

Daga nan aiki ya koma ɗakin gwaji. Sashen nazarin sinadaran jiki na Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su ne wuraren da ya kamata ka fara tambayar na'urori biyu da ba makawa sai da su: santirifuj, injin da ke wulwula samfuri ya raba ruwa da tsaki, da sifektirofotomita, na'urar da ke auna ƙarfin launi da haske.

Zuba mililita 1 na ruwan bafa na fosfet mai sanyi (bafa ruwa ne da ke riƙe pH kar ya canza), mai ƙarfin mola 0.1, a kan kowane samfuri, ka niƙa har ya yi laushi, kwalbar na cikin ƙanƙara daga farko har ƙarshe. Zafi ne babban maƙiyin enzayim. Da tataccen ruwa na ɗakin gwaji za ka haɗa bafa; ruwan batir na bakin titi ba ka san abin da ke cikinsa ba. Wulwula a ƙarfin 10,000 g (g a nan ma'aunin ƙarfin wulwulawa ne, ba giram ba) na minti 15 a digiri 4, sannan ka zuƙe ruwan sama da fifet, wato siririn bututun auna ruwa, ka mayar cikin ƙanƙara. Shi ne samfurinka.

Akwai wata 'yar matsala ta jar tsutsa: himogulobin ɗinta yana shan haske kusa da inda za mu yi awo. In ruwan ya yi ja sosai, tsarma shi da bafa, ka rubuta sau nawa ka tsarma. Masu haƙuri kan yanke kawunan kawai su niƙa, tun da a nan jijiyoyi suka fi taruwa, sai dai tsutsar da za ka tara ta ƙaru.

Mataki na 5: Auna AChE

Hanyar da kowa ke bi ita ce wadda George Ellman da abokan aikinsa suka wallafa a 1961. Ana ba enzayim wani sinadari mai kama da abincinsa, asetiltayokolin. Yana farfasa shi, abin da ya fito ya haɗu da wani sinadari mai suna DTNB, ruwan ya koma rawaya. Enzayim mai ƙarfi, rawaya da sauri. Wanda magani ya kama, rawaya a hankali. Na'urar tana karanta wannan launi a nanomita 412, wato tsawon zangon hasken da za ka saita ta a kai.

Haɗa DTNB: miligiram 39.6 a cikin mililita 10 na bafa mai pH 7, da miligiram 15 na sodiyam bakabonet. Rufe kwalbar da takardar alminiyam, haske na lalata shi. Haɗa asetiltayokolin ayodaid: miligiram 21.67 a kowace mililita ta tataccen ruwa. Wannan ka haɗa sabo a ranar.

A cikin kubet, wato ƙaramar kwalbar na'urar mai faɗin santimita 1, zuba mililita 2.6 na bafa mai pH 8, mililita 0.4 na samfuri, da maikirolita 100 na DTNB. Dakata tukuna. Jikin tsutsa yana da nasa sinadarai da ke haɗuwa da DTNB su ba da rawaya ko babu enzayim, don haka bari lambar na'urar ta tsaya cik, yawanci cikin 'yan mintuna. Sannan ka zuba maikirolita 20 na asetiltayokolin, ka juya, ka fara rubuta lambar duk bayan daƙiƙa 30 har minti 5. Ya kamata ta riƙa hawa daidai wa daida. In ta yi tsalle da farko sannan ta lafa, samfurin ya yi kauri, tsarma ka sake.

Kubet biyu na ƙari ba sa tsallakuwa. Ɗaya babu samfuri, bafa ce a madadinsa: asetiltayokolin yana ɗan farfashewa da kansa, sai ka cire wannan hawan daga na sauran. Ɗayan kuma samfurin wurin kwatance ne da aka sa wa ɗigon esarin, sinadarin da aka san yana toshe AChE. In rawaya ta kusan tsayawa a wannan, ka tabbata enzayim kake aunawa. Esarin guba ne, a hannun ma'aikacin ɗakin za ka bar shi.

Kowane samfuri ka auna sau uku; mililita 1 ba zai isa haka ba, don haka ka tsarma shi da bafa tukuna, ka rubuta sau nawa. Kuma ka cakuɗa jerin, kada ka gama na wurin kwatance da sanyin safiyar hunturu sannan ka yi na Kakuri da azahar. Zafin ɗaki kaɗai yana iya ƙirƙiro maka bambancin da babu shi a kogi. Digiri 25 ake so. In ba na'urar daidaita zafi, rataye ma'aunin zafi kusa ka riƙa rubutawa.

Mataki na 6: Furotin da lissafi

Wani samfurin ya fi wani nama, don haka ana raba sakamako da yawan furotin. Hanyar Bradford ta 1976 ta fi sauƙi: rini ne da ke komawa shuɗi in ya haɗu da furotin, ana karantawa a nanomita 595, a gwada da furotin na jinin shanu da aka san ƙarfinsa.

Ga lissafin da lambobi na misali kawai. A ce launin samfurin wurin kwatance yana hawa da 0.050 a minti bayan ka cire na kubet marar samfuri. Raba da 13.6, lambar da Ellman ya bayar don wannan rawaya. Ninka da 7.8, wato jimillar ruwan kubet 3.12 a raba da 0.4 na samfuri. Ninka da 1,000. Ka samu kusan 28.7. In furotin miligiram 2 ne a mililita, raba biyu: nanomol 14.3 a minti a kowane miligiram na furotin. A ce na ƙasan magudani yana hawa da 0.030, furotin ɗaya: 8.6 ke nan. Ragin kashi 40 cikin 100. In ka tsarma samfuri, da ruwan da ka tsarma ɗin za ka auna furotin, ko ka ninka da adadin tsarmawar.

Mataki na 7: Ƙara enzayim ɗaya ko biyu

AChE yana da makantar gefe. Gamalin da wasu ke zubawa don kashe kifi, da magungunan dangin fairitroid irin su saifametrin, da yawancin maganin ciyawa, ba ta kansa suke bi ba. Don haka da ragowar samfurin ka auna GST, enzayim da jiki ke amfani da shi wajen fitar da baƙin sinadarai. Hanyar Habig ta 1974 ake bi: sinadarai biyu da GST ke haɗawa, gulutatayon da CDNB, kowanne milimola 1, bafa mai pH 6.5, karatu a nanomita 340, lambar rabawa 9.6. CDNB yana sa fata ƙaiƙayi da kumburi, kar ya taɓa ka. Na uku katales ne, mai farfasa haidurojin feroksaid, ana bin raguwarsa a nanomita 240 bisa hanyar Aebi ta 1984, amma sai da kubet na kwaz, na roba da na gilashi ba sa barin wannan hasken ya wuce. In kuɗi sun yi kaɗan, bar katales.

Mataki na 8: Karanta sakamako da taka-tsantsan

Ka fara da gwajin ƙididdiga, ANOVA ko Kruskal-Wallis, ka ga ko bambancin wurare ya wuce bambancin da ke tsakanin samfuran wuri ɗaya. Masu bincike da yawa suna ɗaukar ragin AChE da ya kai kashi 20 a matsayin alamar cewa halitta ta haɗu da maganin da ke toshe shi, ragin kashi 50 kuma abin damuwa ne ƙwarai. Ka ɗauki waɗannan a matsayin jagora, don jurewar kowace halitta daban ce.

AChE ya faɗi, kusa da lambu, kuma kwalbar da Baba ya nuna maka oganofosfet ce: zarginka ya yi ƙarfi. AChE ya faɗi a ƙasan magudanin masana'antu: kada ka yi saurin cewa maganin ƙwari, domin ƙarafa irin su tagulla da makuri, har da sinadaran wanki, suna iya rage shi. GST ya hau, AChE na nan daram: duba ɓangaren mai, baƙin mai na gareji, ko rini. GST da katales sun fi wuyar fassara, suna hawa in gurɓata ta yi matsakaici, suna iya faɗuwa in ta yi tsanani, kuma ƙarancin oksijin ko zafin ruwa na motsa su. A nan ne awon da ka yi a bakin kogi zai yi maka rana.

Akwai kuma tarko ɗaya. Tsutsar da kakanninta suka daɗe a gurɓataccen wuri tana iya sabawa, ta nuna lamba mai kyau. Wani wurin ma ba za ka samu ko ɗaya ba. Maganin duka biyun shi ne keji: ɗebo halittu daga wurin kwatance, ka sa su a guntun bututun roba da aka rufe bakinsa biyu da raga, da ɗan yashi mai tsabta in tsutsa ce, ka ɗaure a kowane wuri na awa 48 zuwa 96, har da wurin kwatancen kansa, don wahalar kejin ma tana da nata tasirin. Ka gaya wa masunta da masu lambu abin da ka ɗaure, in ba haka ba yara za su kwance shi kafin la'asar.

Mataki na 9: Abin da ke biye

Wuraren da suka nuna ragi su ne za ka koma ka ɗebi ruwa da laka don gwajin sinadarai: kwalbar gilashi mai duhu cikin ƙanƙara don maganin ƙwari, kwalbar roba da aka wanke da asid don ƙarafa. Maimakon wuri goma, yanzu biyu ko uku za ka biya wa. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando wuri ne na neman shawara kan awon ruwa, rahoto kuma ana kai wa hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko ta tarayya, NESREA.

A rahoton ka rubuta abin da ka auna kawai: halitta kaza, wuri kaza, rana kaza, AChE ya ragu da kashi kaza idan aka gwada da wurin kwatance. Kada ka kama sunan gona ko masana'anta kafin gwajin sinadarai ya fito. Sannan ka maimaita zagayen aƙalla sau uku a shekara: tsakiyar noman rani a Janairu ko Fabrairu lokacin da ruwa ya ja baya feshi kuma ya yi yawa, bayan ruwan sama na farko a Afrilu ko Mayu da ke wanko kwatocin gari zuwa kogi, da ƙarshen damina in ruwa ya sauka. A kowane zagaye sabon samfuri za ka ɗebo daga wurin kwatance, ba a gwada tsutsar Mayu da lambar Janairu.